Yadda ake haɗa jerin waƙoƙin country rock masu jitar feda

Wanda ya taɓa jin kaset ɗin Don Williams a motar haya ko a rediyo ya san wannan amon ko da bai san sunansa ba. Wani siririn sauti ne da ke tasowa a bayan muryar mawaƙi, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya sauko, ba tare da ka ji inda aka taɓa tsirkiyar ba. Jitar pedal steel ke nan, wato jitar feda. A ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin Amurka masu kiɗan rock, yawancinsu a Kalifoniya, suka ɗauko ta daga hannun mutanen Nashville, birnin da yake cibiyar kiɗan country, suka haɗa ta da ganguna masu ƙarfi da jitar lantarki, aka sami abin da ake kira country rock. Haɗa jerin irin waɗannan waƙoƙin ba wuya gare shi ba, sai dai idan ka bar wa manhaja aikin za ta cika maka shi da waƙoƙin da babu jitar feda a cikinsu ko kaɗan. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce ka bar mawaƙi ka bi makaɗi.

Mataki na ɗaya: ka san abin da kake nema

Kafin ka saka waƙa ko guda, buɗe YouTube ka nemi bidiyon wani yana kaɗa pedal steel, wanda aka ɗauka daga kusa. Gani ya kori ji. Za ka tarar ba a rataya ta a kafaɗa. A kwance take bisa ƙafafu huɗu, makaɗin yana zaune a gabanta kamar tela a kan keken ɗinki, hannuwa da ƙafafu duk suna aiki. Hannun hagu yana riƙe da wata gajeriyar sandar ƙarfe mai santsi yana zamar da ita a kan tsirkiyoyi. Hannun dama, da 'yan ƙarafa a yatsu biyu da wani a babban yatsa, shi ke tsinkar tsirkiya. Ƙafar hagu tana taka fedoji, gwiwoyi suna tura wasu 'yan sanduna da ke rataye a ƙarƙashi, ƙafar dama kuwa tana kan fedar ƙara ko rage murya. Yawanci tsirkiya goma ce a wuya ɗaya, wasu jitocin kuma wuya biyu gare su.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne aikin fedar. Idan aka taka ta, sai ta ja wasu tsirkiyoyi ta ƙara musu tauri ko ta sassauta su, sauran kuma suna nan yadda suke. Saboda haka za ka ji sauti biyu ko uku suna tafiya tare, ɗaya ya tsaya cik, ɗaya ya hau ya same shi. Wannan motsin shi ne tambarinta. Asalin kaɗa jita a kwance da ƙarfe daga tsibirin Hawai ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, amma taka feda alhali sauti yana cikin tafiya ya bazu ne bayan Bud Isaacs ya yi shi a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce wadda ta fito a 1954. Saurari daƙiƙun farko na wannan waƙar sau da yawa. Ba country rock ba ce, ba za ta shiga jerin ba, amma ita ce ma'auninka.

Mataki na biyu: ka koya wa kunnenka rarrabe ta da 'yan uwanta

A nan mafi yawan jerin da ke yawo a intanet suke tuntuɓe, don haka kar ka yi gaggawa. Akwai abubuwa huɗu da ke shigar burtu.

Na farko jitar slide ce, jita ce ta yau da kullum da ake riƙewa a ƙirji, sai makaɗi ya zura yatsa a cikin 'yar kwalba ko bututun ƙarfe yana zamarwa. Duane Allman na ƙungiyar Allman Brothers shi ne gwaninta. Amonta yana da kaushi da cizo, kuma duk sautukan tare suke hawa tare suke sauka, babu mai tsayawa ya jira wani. Na biyu lap steel ce, a kwance take ita ma amma ba ta da feda. Ita David Lindley ya kaɗa a "Running on Empty" ta Jackson Browne a 1977, kuma mutane da yawa suna rantsuwa jitar feda ce. Na uku dobro, wadda ba ta buƙatar lantarki, tana da faifan ƙarfe a cikinta, amonta busasshe ne mai saurin mutuwa.

Na huɗun ne ya fi yaudara, don da gangan aka ƙera shi ya kwaikwayi jitar feda. Gene Parsons da Clarence White, waɗanda duka suka yi zama a ƙungiyar Byrds, sun ƙirƙiro wata dabara da ake kira B-Bender: ana ɓoye ƙarafa a cikin jitar lantarki, idan makaɗi ya danna wuyan jitar ƙasa sai maɗaurin kafaɗa ya ja tsirkiya guda ya ɗaga sautinta. Wannan ne kake ji a "Peaceful Easy Feeling" da "Tequila Sunrise" na Eagles, a hannun Bernie Leadon. Waƙoƙi ne masu daɗi, amma idan sharaɗinka jitar feda ce, ba su cika shi ba. Yadda za ka gane shi: a B-Bender kana jin bugun farko na tsirkiya a fili, "tas", sannan lanƙwasar ta biyo baya. A jitar feda kuwa makaɗi yakan tsinki tsirkiya murya na ƙasa, sannan ya taka fedar dama sautin ya kumbura a hankali, sai ka ji shi ya ɓullo ba ka san ta inda ya shigo ba.

Ka yi wannan gwajin da abin sauraro a kunnuwa biyu, ba da lasifikar waya ba. A faya-fayan wancan zamani sau da yawa ana ajiye jitar feda a gefe ɗaya, dama ko hagu, mai sauraro da kunne ɗaya yana iya rasa ta ɗungurungum.

Mataki na uku: ka shata iyaka

Idan ba ka sa iyaka ba, jerin zai koma country zalla, domin can jitar feda ta fi yawa. Ni abin da nake gani ya fi dacewa shi ne a tsaya tsakanin 1968 da 1978, kuma a ɗauki waɗanda asalinsu 'yan rock ne suka karkato zuwa country. Shekarar 1968 ba zaɓen banza ba ce. A watan Agustanta Byrds suka fitar da kundin Sweetheart of the Rodeo, bayan sun je Nashville sun yi wani ɓangare na ɗaukarsa, har suka hau Grand Ole Opry, babban dandalin mawaƙan country, a watan Maris inda masu sauraro suka karɓe su a yatsine saboda kallon 'yan iskan gari masu dogon gashi da ake yi musu.

Buɗe jeri biyu a manhajarka. Ɗaya rumbu ne, duk abin da ka ci karo da shi ka jefa ciki. Ɗayan shi ne na ainihi, kar ka taɓa shi tukuna.

Mataki na huɗu: ka bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya

Masu kaɗa jitar feda da suka yi aiki da 'yan rock a waɗannan shekaru ba su da yawa, kuma mutum ɗaya yakan zagaya ƙungiyoyi biyar ko shida. Idan ka riƙe sunaye kamar takwas, ka riƙe kusan dukan fagen.

Fara da Lloyd Green, ƙwararren ɗakin ɗaukar sauti na Nashville. Shi ne ya buɗe Sweetheart of the Rodeo da waƙar "You Ain't Goin' Nowhere", wadda Bob Dylan ya rubuta, kuma shi ne a "Hickory Wind" da "One Hundred Years from Now". Hannunsa tsaf yake, babu sauti ko ɗaya da ya faɗi a inda bai nufa ba. Shi ɗin ne dai ya yi wa Don Williams kiɗa a faya-fayansa na shekarun 1970, shi ya sa kunnen da ya saba da waɗancan kasa-kasai ba zai ji baƙunta ba. Yawancin sauran waƙoƙin kundin masu jitar feda JayDee Maness ne ya kaɗa su, a Los Angeles.

Daga nan ka tsallaka wurin kishiyarsa a salo, Sneaky Pete Kleinow na ƙungiyar Flying Burrito Brothers, wadda Gram Parsons da Chris Hillman suka kafa bayan sun bar Byrds. Jitarsa tsohuwar Fender ce mai tsirkiya takwas, kuma yakan bi da sautinta ta na'urar da ke dagula shi har ya yi gurnani. Saurari "Christine's Tune" da "Wheels" a kundin The Gilded Palace of Sin na 1969, za ka ji inda jitar take ta kuka a hankali sai kwatsam ta ɓarke da ruri. A ganina idan jeri ba shi da Sneaky Pete, to country ne aka yi wa kwaskwarima, ba a kai ga rock ɗin ba. Sawunsa zai kai ka ga "Willin'" ta Little Feat da "Take It Easy" ta bakin Jackson Browne a kundin For Everyman na 1973.

Rusty Young an kira shi ne ya kaɗa waƙa guda, "Kind Woman", a kundin ƙarshe na Buffalo Springfield a 1968. Daga wannan zaman ne shi da Richie Furay da Jim Messina suka kafa Poco. Yakan bi da jitarsa ta lasifikar Leslie mai juyawa har ta yi amon ogan, don haka idan ka ji abin da ya yi kama da ogan a waƙar Poco, ka sake kasa kunne. Ɗauki "Kind Woman" da "Bad Weather".

Pete Drake shi ne a "Lay Lady Lay" ta Dylan a kundin Nashville Skyline na 1969. Shekara guda bayan haka George Harrison ya sa aka kawo shi Landan ya kaɗa masa "Behind That Locked Door". Ben Keith kuwa na Neil Young ne, sun haɗu a Nashville a 1971 suka ci gaba da aiki tare har rasuwar Ben Keith a 2010. Kundin Harvest na 1972 ya ishe ka: "Out on the Weekend", "Heart of Gold", "Old Man". Ben Keith marowaci ne da sauti, yakan ja guda ɗaya ya bar shi ya daɗe, ya yi shiru, sannan ya ƙara wani. Irin waƙoƙinsa za su yi maka amfani sosai idan an zo jerawa.

Al Perkins kuwa ko'ina yana nan. Yana cikin ƙungiyar Manassas ta Stephen Stills, yana kan kundaye biyu na Gram Parsons, GP da Grievous Angel, inda Emmylou Harris take amshi, yana kan "Torn and Frayed" ta Rolling Stones a 1972, yana kan "Ol' 55" ta Eagles a 1974. Parsons ya rasu a Satumban 1973 yana da shekara 26, kundin na biyu bayan ransa ya fito. Ɗauki "Return of the Grievous Angel" daga ciki.

Sai Jerry Garcia na Grateful Dead, wanda ba sana'arsa ba ce, kuma bai daɗe da fara koyo ba lokacin da ya kaɗa "Teach Your Children" ta Crosby, Stills, Nash & Young wadda ta fito a 1970. Masu sana'ar suna iya ƙyaɓe baki, amma da wuya a sami kiɗan jitar feda da ya shiga kunnuwan mutane da yawa kamar wannan. Ƙara da "Dire Wolf" daga Workingman's Dead na shekarar.

Ragowar a taƙaice: Red Rhodes a "Joanne" ta Michael Nesmith, 1970. Tom Brumley, tsohon makaɗin Buck Owens, a "Garden Party" ta Rick Nelson, 1972. Buddy Emmons, wanda makaɗa da yawa ke ɗauka a matsayin uban gidansu, a "Someday Soon" ta Judy Collins. Toy Caldwell a "Fire on the Mountain" ta Marshall Tucker Band, 1975. Dan Dugmore a "Blue Bayou" ta Linda Ronstadt, 1977.

Mataki na biyar: ka tabbatar da ɗaukar da ka saka

Waƙa ɗaya takan zo a fuska biyu ko uku, kuma manhaja ta fi saurin miƙo maka wadda aka fi saurare, ba wadda kake so ba. "Wild Horses" ta Rolling Stones ba ta da jitar feda. Wadda take da ita ita ce ta Flying Burrito Brothers a kundin Burrito Deluxe, kuma ta riga ta masu waƙar fitowa, a 1970. "Willin'" sau biyu Little Feat suka ɗauke ta: ta 1971 Ry Cooder ne da jitar slide, ta kundin Sailin' Shoes na 1972 ita ce mai Sneaky Pete. "Old Man" da ke kundin Live at Massey Hall 1971, Neil Young ne shi kaɗai da jitarsa, babu Ben Keith. Haka "Take It Easy" ta Eagles, banjo za ka ji a ciki.

Don haka duk waƙar da za ka saka, duba sunan kundin da ke ƙarƙashinta da shekararsa. Spotify yana da wurin nuna waɗanda suka yi aikin waƙa, amma a tsofaffin waƙoƙi sau da yawa marubuci da furodusa kawai yake kawowa. Shafukan Discogs da AllMusic sun fi amfani, domin suna kwafo abin da aka rubuta a bayan kwalin faifai. Nemi kalmomin pedal steel a gaban sunan mutum. Idan steel guitar kawai aka rubuta, koma ga kunnenka, yana iya zama lap steel. Wani amfanin Discogs shi ne idan ka latsa sunan makaɗi, zai jero maka duk faya-fayan da ya taɓa sa hannu, daga nan rumbunka zai cika har ya yi ambaliya.

Mataki na shida: ka tace

Saurari rumbun daga farko har ƙarshe, kana tambayar kanka abu ɗaya a kan kowace waƙa: da za a cire jitar feda, waƙar za ta rame? Idan amsar a'a ce, fitar da ita. "Tiny Dancer" ta Elton John tana da B.J. Cole a kan jitar feda, kuma ya yi kyau, amma waƙar fiyano ce, ba ta wannan gidan ba ce.

Ka kuma duba kalmomi idan jerin zai yi aiki a mota ko a falo inda manya da yara suke. "Willin'" tana ambaton wiwi da ƙwaya da giya a fili. "Panama Red" ta New Riders of the Purple Sage, duk da irin aikin da Buddy Cage ya zuba a cikinta, kirari ce ga tabar wiwi. "Lay Lady Lay" gayyata ce zuwa shimfiɗa. Kiɗan yana da sanyi, mutum sai ya sakankance, sai wani mai jin Turanci a kujerar baya ya ɗaga gira. Wannan hukuncinka ne, amma ka yanke shi da sani.

Kar mawaƙi ɗaya ya wuce waƙa biyu, ko da Neil Young ne. Ka tsaya a waƙa 22 zuwa 25, abin da zai ba ka kimanin minti 90.

Mataki na bakwai: jerawa

Minti 90 tsawon tsohon kaset ne, kuma tunanin kaset yana taimakawa: fuska biyu, kowace minti 45, kowace da mabuɗinta da marufinta. Babban haɗarin irin wannan jerin shi ne jitar feda tana da zaƙi, idan aka jera masu sanyi huɗu a jere sai kunne ya gundura, duk su koma waƙa ɗaya. Maganinsa shi ne ka riƙa sauya hannun makaɗi. Kar mutum ɗaya ya biyo kansa, kuma bayan mai cika waƙa da kiɗa ka kawo mai rowa.

Ga yadda fuskar farko za ta iya tafiya, ragowar mintunan sai ka cike su daga rumbunka. Buɗe da "You Ain't Goin' Nowhere", saboda jitar ce take fara magana kafin kowa, mai sauraro ya san inda ya shigo. Bi ta da "Teach Your Children", wadda kusan kowa ya taɓa ji. Na uku ka tayar da ƙura da "Christine's Tune", ka riƙe zafin da "Torn and Frayed". Yanzu kunne ya cika, sai "Out on the Weekend" ta ba shi sarari. Daga nan "Garden Party" da "Joanne" za su ɗaga tafiyar kaɗan, "Dire Wolf" ta ƙara mata sauri, ka rufe da "Kind Woman".

Fuska ta biyu ta fara da ƙarfi, "Fire on the Mountain" ko "Return of the Grievous Angel". Tsakiyarta ne wurin masu nauyi irin su "Hickory Wind" da "Wild Horses", amma ka raba su da wata mai motsi. Ka lura da muryoyi ma: maza sun yi yawa a wannan fage, don haka kar ka tara Judy Collins da Linda Ronstadt wuri ɗaya, watsa su. "Blue Bayou" ta dace da kusa da ƙarshe.

Bayan ka jera, kar ka sake sauraron waƙoƙin gaba ɗaya. Saurari daƙiƙa 20 na ƙarshen kowace da daƙiƙa 20 na farkon mai bi mata. A nan ake gane haɗin da bai zauna ba. Idan wata ta ƙare da dogon sautin jitar feda yana dusashewa, wadda za ta biyo baya gara ta fara da ganga ko murya.

Mataki na takwas: saitin waya

Kashe maɓallin gauraya waƙoƙi, in ba haka ba wahalar jerawa ta tafi a banza. Kashe saitin da ke sa waƙa ta shiga cikin wata kafin ta ƙare, wanda Spotify ke kira Crossfade, domin yana cinye wutsiyar sautin da ka sha wuya ka nemo. Kunna mai daidaita ƙarfin murya, tunda faifan 1968 da wanda aka sake gogewa a shekarun baya-bayan nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kashe kuma wanda ke ci gaba da kawo waƙoƙi bayan jerin ya ƙare. Boomplay da Audiomack sun fi ƙarfi a waƙoƙin gida, irin waɗannan tsofaffin kundayen an fi samunsu cikakku a Spotify da Apple Music da YouTube Music. Idan kana da rajistar biya, sauke jerin lokacin da ka sami Wi-Fi ko garaɓasar datar dare.

Idan wannan ya zauna, buɗe na biyu don 'yan baya. Lloyd Maines yana kan kundin Anodyne na Uncle Tupelo na 1993 da A.M. na Wilco na 1995, Eric Heywood yana kan Trace na Son Volt na 1995, Paul Franklin yana kan On Every Street na Dire Straits na 1991, Ben Keith kuma ya dawo a Harvest Moon a 1992. Kundin Juju Music na King Sunny Ade na 1982, inda Demola Adepoju ya shigar da jitar feda cikin gangunan Yarbawa, shi ma ya cancanci a saurare shi, sai dai a buɗe masa jerinsa daban, domin tafiyar gangunansa ba ta haɗuwa da ta waɗannan.